Zuwa ga Edita: su lam, vam, ram ɗin nan ba sautin banza bane

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya fama da jama'a. Allah ya ƙara basira.

Ni dai ba mai rubuto wasiƙa bane, karantawa nake in wuce abuna, amma abun da na gani a shafinku na kiwon lafiya sati biyu da suka wuce ya tsaya mun a rai har na kasa haƙuri. Marubucin yana bada shawara ne akan yadda mutum zai rage damuwa da hawan jini da rashin bacci, kuma wallahi yawancin shawarwarin nasa masu kyau ne, rage gishiri, tattaki bayan la'asar, ajiye waya kafin a kwanta, duk ba laifi. Sai can ƙasa yace wai mutum ya samu waje shiru ya zauna ya rufe ido ya dinga maimaita lam, vam, ram, yam, ham, om, yace wai sautuka ne kawai marasa ma'ana da 'yan yoga, masu motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya, suka gano suna kwantar da jijiyoyi, babu ruwansu da addinin kowa. To anan ne na ajiye jaridar nace a'a, wannan kam sai nayi magana.

Nayi karatu a Indiya, a birnin Haidarabad, daga 2013 zuwa 2016, kuma kusan duk zaman nawa a saman gidan wani dattijo ɗan Hindu nayi haya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da yayi ritaya. Baba nake ce masa, shi kuma yace mun beta, wato ɗana. Mutumin kirki ne ba kaɗan ba, da azumi matarsa takan aiko mun da abun buɗa baki, ranar Juma'a in yaga nayi latti shi zai ɗaga murya yace beta baka tafi masallaci bane. Kullum in na tashi sallar asuba sai in tarar ya rigani tashi, yayi wanka ya shiga wani ɗan lungu da suka ware a falo don bautarsu, ga fitilar mai ga turare, ya tura hannunsa na dama cikin wata 'yar jakar yadi yana jan carbi leɓensa na motsi. Wata shida ina ganin haka ban tambaya ba don kunya. Ranar da na tambaya kuwa kamar jira yake, daga nan kusan kullum da yamma sai mun zauna a baranda muna shan shayi yana mun bayani. Abun da zan faɗa daga bakinsa na fara jinsa, sannan na bi na karanta a littattafansu da aka fassara.

Su waɗannan sautukan sunansu bija a harshen Sanskirit, ma'anarsa iri, irin shuka. Gaɓa ɗaya ce tak, yawanci baƙi ɗaya ko biyu ko uku da wasali, sai a rufe da guna ta hanci, wannan mmm ɗin na ƙarshe, wanda a rubuce ɗigo ne ake sawa a saman harafi suna ce masa bindu. In ka buɗe ƙamus baza ka samu fassarar bija irin su hrim ko klim ba, wannan gaskiya ne, kuma inaga daga nan marubucinku ya ɗauka cewa basu da ma'ana. Amma rashin fassara daban, rashin mai abu daban. A wajen masu abun kowane bija na wani abun bauta ne, kai ba ma nasa ne kawai ba, cewa suke shine shi kansa abun bautar a siffar sauti. Baba ya taɓa ɗauko ɗan itacen banyan, wani irin gamji ne nasu mai saiwoyi suna saukowa daga rassa, ya fasa ya nuna mun ƙwayar ciki wadda bata kai ƙwayar riɗi ba, yace duk girman bishiyar nan tana cikin wannan, haka abun bautarsa yake cikin gaɓa ɗaya, maimaitawar da yake kullum kuma itace ban ruwa. Kaga kenan sunan ma da kansa ya faɗi aƙidar.

Wasu daga cikinsu ma a fili suke, harafin farko na sunan abun bautar ne aka ɗauka aka sa masa gunar nan. Gam na Ganesha ne, mai kan giwar nan da duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya ya sanshi, wanda a Haidarabad duk shekara ake gina ƙaton gunkinsa a unguwar Khairatabad a ƙarshen biki a kai shi tafkin Hussain Sagar a nutsar. Cikakken abun da suke cewa shine om gam ganapataye namah. Dum na Durga ne, krim na Kali. Aim na Saraswati ce ta ilimi da magana, shi yasa ɗalibai ke riƙe shi lokacin jarrabawa. Shrim na Lakshmi ce ta dukiya, ranar da Baba ya faɗa mun wannan sai da na ƙunshe dariya don tunowa nayi da shirim ba ci ba, da ƙyar na iya masa bayanin abun da ya bani dariya. Klim na sha'awa ne da jan zuciya, ana danganta shi da Kamadeva da kuma Krishna. Hrim kuma shine babba a wajen masu bautar abun da suke kira Uwa ko Shakti, har suna rarraba shi harafi harafi, ha na Shiva, ra na halitta, dogon i na ikon da ke lulluɓe duniya, ɗigon kuma mai yaye baƙin ciki. Wato abun da aka ce bashi da ma'ana, su sharhi suke masa shafi shafi.

Om kuwa shine uban tafiyar kuma ya girmi sauran nesa ba kusa ba, tun cikin tsofaffin littattafansu na Upanishad yake. Akwai ɗaya gajere mai suna Mandukya, sakin layi 12 ne kacal kuma duk akan om ne, an raba shi a, u, m, aka ce a farke ne, u mafarki, m bacci mai nauyi, shirun da ke biyo baya kuma shine hali na huɗu da ya wuce ukun. Shi kansa Patanjali wanda 'yan yoga ke ɗauka a matsayin madogararsu cewa yayi om shine lafazin da ke nuna Ishwara, wato Ubangiji a fahimtarsu, kuma a maimaita shi ana tuna ma'anarsa. To in limamin yoga da kansa yace haka, waye kuma zai zo yace babu addini a ciki? Ko malamanmu na da sun san wannan. Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafi da Larabci akan Indiya wajen shekarar 1030, ya faɗa cewa Hindu suna buɗe littattafansu da om kamar yadda muke buɗe namu da bisimilla, suna neman albarka dashi. Shekara kusan dubu kenan, mutumin bai ɓoye komai ba, ya faɗi abu yadda yake.

Yanzu bari in zo kan waɗanda aka buga a jaridar. Lam, vam, ram, yam, ham bija ne na abubuwa biyar da suke cewa dasu aka gina jiki da duniya, ƙasa, ruwa, wuta, iska da sarari, a jere haka. (Mu Hausawa da bamu da harafin v, vam ɗin nan bam zamu ce, Allah ya kiyaye mutum ya zauna a tasha yana maimaita shi.) Kowanne an ajiye shi a wata cibiya a jiki da suke kira cakra, daga gindin ƙashin baya, ƙasan mara, cibiya, ƙirji, maƙogwaro, sai om a tsakanin gira. Tsarin da ya yaɗu a duniya yau daga wani littafi yake da wani malaminsu Purnananda ya rubuta a yankin Bengal a 1577, wani Bature alƙalin babbar kotun Kalkata mai suna John Woodroffe ya fassara shi zuwa Turanci a 1919, daga nan Turawa suka ɗauka. A asalin littafin kowace cibiya fure ce mai ganyaye, 4, 6, 10, 12, 16, 2, in ka haɗa 50 kenan, adadin haruffan Sanskirit a lissafinsu, kowane ganye da harafinsa, kuma a cikin kowace fure akwai abun bauta namiji da mace a zaune. Su Turawa da masu saida manhajar waya sai suka kwashe abubuwan bautar suka ajiye gefe, suka shafa wa cibiyoyin launin bakan gizo wanda babu shi haka a asali, suka ce ga maganin gajiya. Shine abun ya zagayo har ya iso shafinku.

Kuma aikin da sautukan nan ke yi a bautarsu ba ƙarami bane. Kafin mai bauta ya fara, akwai wani tsarki da yake yi a zuci, bhuta shuddhi sunansa, yana sawwara cewa akwai wani baƙin mutum na zunubi a cikin cikinsa, sai ya ja numfashi yana yam iska ta busar dashi, ya riƙe numfashi yana ram wuta ta ƙone shi, ya fitar da tokar, da vam ya kwararo ruwan rai, da lam sabon jiki ya daskare ya tsaya. Sai a lokacin ne yake ganin ya cancanci tsayawa gaban abun bautarsa, don a ƙa'idarsu sai ka zama irinsa kafin ka bauta masa. Bayan nan akwai nyasa, yana taɓa ƙirji, ka, tukku, kafaɗu, idanu, kowane waje da lafazinsa, yana dasa sautin a jiki. In yazo kafaɗu sai ya harɗe hannu yace hum, wannan sulke ne, a ƙarshe ya tafa yace phat, wannan makami ne na korar duk abun da zai ɓata masa ibada. Ni da farko in naji tafin nan da asuba ɗauka nake sauro yake kashewa. Ko gunkin da aka sassaƙa ma dutse ne kawai a wajensu har sai an karanta masa irin waɗannan gaɓoɓi an ce an sa masa rai.

Carbin nasu ƙwaya 108 ne da wata babba ɗaya a ka wadda basa tsallake ta, in an zo kanta sai a juya carbin a koma baya. Masu bin Shiva da ƙwallon rudraksha suke yi, masu bin Vishnu da itacen tulsi, wani ɗoɗɗoya ne mai ƙamshi. Da babban yatsa ake ja a kan na tsakiya, manuniya bata taɓa shi sam, shi yasa jakar nan take da 'yar huda inda manuniyar ke leƙowa waje. Maimaitawar sunanta japa kuma iri uku ce, da murya, da raɗa, da zuci, suna cewa na raɗa yafi na murya lada na zuci kuma yafi duka. Wanda yake so abun ya kama masa sosai sai yayi wani dogon zama da suke kira purashcarana, dubu ɗari ga kowace gaɓa. Akwai wani sanannen mantira nasu, wato lafazin ibada da ake maimaitawa, na Durga mai gaɓa tara da ya fara da aim hrim klim, kaga dubu ɗari tara kenan, kuma a kowane zagayen carbi 100 suke ƙirgawa su bar 8 na cike gurbin kuskure, in mutum yana zagaye goma a rana sai yayi kwana 900. Bayan ya gama kuma da sauran aiki, a zuba hadaya a wuta kashi ɗaya cikin goma na adadin, a ciyar da malamansu. Wannan ne ake cewa motsa jijiya?

Abun da yafi ɗaure mun kai shine duk hirar da muka sha da Baba, shekara kusan uku, bai taɓa faɗa mun nasa mantiran ba. Na kowa da kowa ya faɗa mun, na cikin littafi ya nuna mun, amma wanda gurunsa, wato malaminsa, ya raɗa masa a kunne ranar da aka shigar dashi, abun da suke kira diksha, yace ko matarsa bata sani ba. Yace irin da ka tsinta a littafi kamar soyayyen iri ne, ko ka shuka bazai fito ba, sai wanda ya fito daga bakin malami mai silsila. Kuma sai an gyara maka furuci. Suna da wani tsohon labari da suke ba yara, wai wani mai suna Tvashta ya so ya samu ɗa da zai kashe Indra, sarkin abubuwan bautarsu, wajen karatun hadaya sai ya ɗaga murya a gaɓar da ba ita ba, kalmar ta juye daga makashin Indra ta koma wanda Indra zai kashe, haka kuwa akayi. Da ya bani labarin nace Baba ai mu wannan a gida muke dashi, kuka na ido da kuka ta miya, gari na zama da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na jiki, karin sauti da jan wasali ne kawai suka raba su. Yaji daɗin wannan sosai har sai da ya sa na maimaita masa sau uku. To ka duba, mutanen da suke tsoron kuskuren karin sauti ɗaya, ya kake gani zasu ji in sunga an buga abun a jarida ance kowa ya rera yadda yaga dama?

Kar kuma wani ya karanta wannan yace ai dama mun faɗa, tsafi ne da kiran aljanu. Shima wannan gajeren bayani ne. Eh akwai wannan ɓangaren, ba zan ɓoye ba, a cikin littattafan tantira, wani rukunin littattafansu na ibada da asirai, akwai ayyuka shida da suka haɗa da mallaka da raba tsakani da ɗaure baki har da halakarwa, kuma da irin waɗannan gaɓoɓin ake yi, musamman klim wajen mallaka. In ka hau ƙananan jiragen ƙasa na cikin gari a can zakaga takardu manne a bango, wani baba kaza yana dawo da masoyi cikin kwana kaza ga lambar waya, sak irin bokayenmu na bakin kasuwa masu lasifika. Baba in yaga irin takardun nan tsaki yake, yace 'yan damfara ne masu ci da addini. Shi a nasa ganin neman kusanci yake da abun bautarsa da natsuwar zuciya. Sannan ba duk Hindu bane ma ke amfani da bija. Miliyoyi sunan Rama kawai suke maimaitawa, Gandhi ma haka yake yi. 'Yan Arya Samaj da aka kafa a 1875 basu yarda da gumaka ba basu yarda da tantira ba, om da Veda, littattafan addininsu mafi tsufa, kawai suka riƙe. Ko gardamar ma'ana ma tsohuwa ce a cikinsu, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa wani malami Kautsa yace lafuzzan Veda basu da ma'ana, wani mai suna Yaska ya masa raddi. Mutane ne masu mazhabobi da saɓani kamar kowa.

Batun lafiyar kuma, ban ce marubucinku ƙarya yayi ba cewa mutum zai ji sanyi a ransa. Zai ji mana. Duk wanda ya zauna shiru ya ja dogon numfashi ya sake shi a hankali yana guna, bugun zuciyarsa zai lafa. A 2001 wasu likitoci a Italiya sun gwada mutane suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, suka kuma gwada su da mantira, duka biyun suka saukar da numfashi zuwa kusan sau shida a minti ɗaya. Ashe kenan sirrin a numfashin yake ba a lam ko vam ba. Da cewa yayi a ja numfashi a ƙirga huɗu a sake a ƙirga shida, da ya bada magani ɗaya ba tare da ya sa wa mutane lafazin ibadar wasu a baki ba su basu sani ba.

Ina can akayi ranar yoga ta duniya ta farko, 21 ga Yuni 2015, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014. Kafin ranar anyi ta ce-ce-ku-ce a jaridu da talbijin, ƙungiyoyin musulmin Indiya suka ce su baza suyi jerin motsin yoga da ake kira gaisuwar rana ba kuma baza su ce om ba, har gwamnati ta fito tace ba dole bane. Musulmin da suke gida ɗaya unguwa ɗaya da masu abun shekaru ɗaruruwa, basu ce sauti ne kawai ba. A Malesiya majalisar fatawa tayi magana akan yoga a 2008, a Indonesiya ma majalisar malamai ta fitar da nata a farkon 2009, inda suka raba tsakanin motsa jiki zalla da wanda aka haɗa da rera mantira. Fatawa dai ta malamai ce ba tawa ba, ni abun da nake nema kawai a faɗa wa mai karatu asalin abu, sannan kowa ya san abun da zai yi da kansa. Yaranmu da yawa suna tafiya karatu Indiya, marasa lafiyarmu suna zuwa asibitocinsu, a waya kuma bidiyon nan sun cika ko'ina, wani na sa wa jariri sautin om yayi bacci.

Na tuna wata rana na nuna wa Baba irin bidiyon nan a wayata, wata Baturiya zaune a bakin teku tana shrim shrim wai in kayi sau 108 kwana arba'in kuɗi zasu shigo asusunka. Ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, ya miƙo mun wayar, yace furucin nata ma ba daidai bane, sannan yace shi shekara arba'in yana yi kuma har yanzu da fanshon jirgin ƙasa yake cefane.

Dan Allah Malam Edita a miƙa wa marubucin shafin wannan, ba faɗa bane, ina karanta shi duk sati kuma maganarsa ta gishiri ma na fara aiki da ita. In da hali a sati mai zuwa ya ɗan yi gyara ko layi biyu ne. In wasiƙar tayi tsawo a datse, amma a bar mun wajen bhuta shuddhi ɗin nan kar a cire.

Nagode, a huta lafiya.

Naku mai karatu,
wani tsohon ɗalibin Haidarabad, daga Zariya